SAYEN JIRGIN SHAƘATAWA A TSIBIRAN TEKU: INA RUWAN BAKATSINE?

Daga birnin Katsina zuwa bakin teku a Ikko tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000. Ruwa mafi girma da yawancin mutanenmu suka saba gani shi ne na madatsun Ajiwa da Zobe da Jibiya, jirgin da suka sani kuwa bai wuce kwalekwalen masunta ba. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan mai karatu ya tambaya, ina ruwan Bakatsine da cinikin jirgin shaƙatawa da ake yi a can wasu ƙananan tsibirai na tsakiyar teku, waɗanda ko sunansu bai taɓa ji ba?

Amsar wannan tambaya ta fito fili ran 10 ga watan Janairu na 2025. A wannan rana aka sa hannu a Abuja kan wata yarjejeniya tsakanin Gwamnatin Tarayya da ta Amurka, inda Amurka ta amince za ta maido wa Nijeriya dala miliyan 52.88. Wani kaso na wannan kuɗi ya fito ne daga sayar da wani jirgin shaƙatawa mai suna Galactica Star, wanda hukumomin Amurka suka ce da kuɗin man fetur ɗin Nijeriya aka saye shi. Kuɗin man fetur kuwa shi ne ginshiƙin asusun tarayya da ake rabawa kowane wata, wanda daga cikinsa ake biyan albashin malamin makaranta a Batagarawa da na akawu a sakatariyar jiha. Ashe ke nan mutumin da bai taɓa ganin teku ba yana iya zama mai hannun jari a jirgin da ba zai taɓa shiga ba, kuma bai sani ba.

WANE IRIN JIRGI NE?

Jirgin shaƙatawa, wanda Turawa ke kira yot, jirgin ruwa ne da ba a ƙera shi don ɗaukar kaya ko fasinja ko kamun kifi ba. Aikinsa kawai shi ne ya kai mai shi da baƙinsa yawon shan iska. Akwai ƙanana masu tafiya da filafilan iska waɗanda mutum biyu ko uku za su iya sarrafawa, akwai kuma manya masu injuna. Bisa al'adar masu wannan sana'a, wanda ya wuce mita 24 a tsawo ya shiga sahun manya. Mafiya girma a cikinsu sukan haura mita 100, watau sun kai tsawon filin ƙwallo, da benaye da ɗakunan kwana da wurin wanka da filin saukar jirgi mai saukar ungulu. Ƙasashen da suka shahara wajen ƙera su sun haɗa da Italiya da Holan da Jamus da Turkiyya.

Bakatsine ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane halin wannan dukiya, domin ya san doki. Garin nan garin dawaki ne tun fil azal. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda shi kansa ta jirgin ruwa ya yi tafiyarsa zuwa Ingila da Makka a 1921, shi ya dasa wasan ƙwallon dawaki a nan, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuwa ya yi suna a wasan har a ƙasashen waje. Duk wanda ya taɓa ɗaure ingarma a gidansa ya san ranar ciniki ita ce rana mafi sauƙi. Daga washegari ne lissafi yake farawa: ga dawa, ga dusa, ga harawa, ga kanwa, ga ladan mai kula da barga, ga maganin ciwo. Doki yana ci ko an hau shi ko ba a hau ba, alhali kuwa ranakun hawan da za a fita da shi Ƙofar Soro ba su taka kara sun karya ba a shekara.

To, jirgin shaƙatawa doki ne wanda bargarsa teku ce. Dillalansa suna da wani lissafi da suka daɗe suna amfani da shi, cewa abin da babban jirgi yake ci a shekara yakan kai kashi 10 cikin 100 na kuɗin da aka saye shi. Wanda ya sayi jirgin dala miliyan 80 sai ya tanadi wajen dala miliyan 8 kowace shekara domin albashin kyaftin da ma'aikata, da mai, da inshora, da kuɗin tsayawa a tasha, da gyara. Ruwan gishiri yana cin ƙarfe dare da rana. Idan aka kashe na'urar sanyaya ɗaki na 'yan makonni a ƙasa mai zafi da laima, sai katakai da shimfiɗu su yi funfuna. Ga shi kuma darajarsa raguwa take yi kullum, ba kamar gona ko fili ba.

YADDA AKE CINIKI

Ba a shiga kasuwa a taya irin wannan jirgi kamar yadda ake taya rago a kara. Akwai dillalai na musamman, kuma akasari mai saye da mai sayarwa ba sa ko ganin juna. Idan an daidaita kan farashi, mai saye yakan ajiye kafin alkalami, yawanci kashi 10 cikin 100, a hannun dillali ko lauya. Sa'an nan a kira gwanin bincike ya duba jikin jirgin da injunansa, a fid da shi daga ruwa a ga ƙasansa, a kuma fita da shi teku a gwada gudunsa. Idan an sami aibin da ba a faɗa ba, mai saye yana da ikon janyewa ko ya nemi ragi. Wanda ya tsallake wannan mataki ya yi cinikin biri a sama.

Amma duba takardu ya fi duba ƙarfe wuya. Dole mai saye ya tabbatar cewa wanda ke sayarwa shi ne mai jirgin na haƙiƙa, kuma ba a jinginar da shi a wani banki ba. A dokar teku akwai basussukan da suke bin jirgi shi kansa duk inda ya tafi, ko da ya canja hannu, misali albashin ma'aikatansa da ba a biya ba. Mutum yana iya sayen jirgi yau, gobe kotu ta tsare shi a wata tasha saboda bashin da wanda ya sayar ya ci. Bayan haka sai an karɓo takardar shaidar an soke sunan jirgin daga rajistar ƙasar da yake a da, kafin a sa shi a sabuwa. A nan ne ƙananan tsibirai suke shigowa cikin labarin.

TUTAR ARO

Kowane jirgi da ke yawo a teku dole ya ɗaga tutar wata ƙasa, kuma dokar wannan ƙasa ce take hawa kansa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokar teku, wadda aka sa wa hannu a Montego Bay ta tsibirin Jamaika a 1982, ta ce ya kamata a sami dangantaka ta gaskiya tsakanin jirgi da ƙasar da ya ɗauki tutarta. Sai dai yarjejeniyar ta bar wa kowace ƙasa ikon tsara sharuɗɗanta na rajista. Daga nan wasu ƙasashe suka mayar da tutarsu hajar sayarwa. Panama ce ta fara suna a wannan, Laberiya ta bi sahu a 1948, daga baya Tsibiran Marshal da ke tekun Fasifik suka shigo. Waɗannan uku su ne suka yi wa sauran ƙasashe fintinkau wajen nauyin jiragen da ke ɗauke da tutocinsu.

A duba Tsibiran Marshal. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanen ƙasar ba su wuce 42,000 da 'yan kai ba, alhali Ƙaramar Hukumar Katsina ita kaɗai ta haura mutum 300,000 tun a ƙidayar 2006. Amma dubban jirage suna yawo da tutarta, yawancinsu ba su taɓa zuwa can ba, kuma kamfanin da ke gudanar da rajistar ma hedkwatarsa tana jihar Bajiniya ta Amurka. Haka kuma tsibiran Kayman da tsibiran Bajin, waɗanda har yanzu suke ƙarƙashin Ingila, sun yi fice, na farko wajen ba manyan jiragen shaƙatawa tuta, na biyu wajen rajistar kamfanoni.

Yadda abin yake tafiya shi ne, attajiri ba ya sayen jirgi da sunansa. Sai ya sa lauya ya kafa masa kamfani a tsibiri guda, kamfanin ya sayi jirgin, a yi masa rajista a tsibiri na biyu, a ajiye shi a tashar tsibiri na uku. Kamfanin ba shi da ma'aikaci ko ɗaya, ofishinsa akwatin gidan waya ne. Yin haka ba laifi ba ne a doka, kuma akwai masu yi da halaliyarsu domin sauƙin haraji ko inshora. Amma hanyar da mai gaskiya ya bi don sauƙi, ita ce mai ɓoye dukiyar jama'a yake bi don sutura. Tsibirin yana samun ɗan kuɗin rajista na shekara, mai jirgi yana samun labule. Sai dai Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma ranar da iska ta ɗaga labulen, sau da yawa ƙaramar ƙasar ce take kwana ciki.

ABIN DA YA SAMI ANTIGWA

Antigwa da Barbuda ƙasa ce ta tsibirai a yankin Karebiyan, wadda ta sami mulkin kai daga Ingila a 1981, mutanenta kuwa wajen 100,000 ne. Arzikinta ya dogara ne kan baƙi masu yawon buɗe ido. A farkon 2022, lokacin da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren, akwai wani ƙasaitaccen jirgi mai suna Alfa Nero, mai tsawon mita 81, tsaye a tashar Falmouth ta ƙasar. A watan Agusta na wannan shekara Baitulmalin Amurka ya sa wa wani attajirin Rasha mai suna Andrey Guryev takunkumi, ya kuma ambaci jirgin a cikin dukiyarsa, yana mai cewa an saye shi dala miliyan 120 a 2014. Shi kuwa attajirin ya ce ba nasa ba ne.

Daga nan jirgi ya zama maraya. Ba mai biyan kuɗin mai, ba mai biyan ma'aikata, kuma ba kamfanin da zai yarda ya taɓa shi don tsoron takunkumi. Hukumomin Antigwa suka shiga tsaka mai wuya. Yankinsu yankin guguwar teku ne daga watan Yuni zuwa Nuwamba, kuma idan guguwa ta tsinke irin wannan jirgi a cikin tasha, zai iya farfasa wasu jirage, ya toshe mashiga, ya malalar da mai a gaɓar da ƙasar take cin abinci da ita. A watan Maris na 2023 majalisar ƙasar ta yi wa dokar tashoshin ruwa gyara domin gwamnati ta sami ikon karɓe jirgin da aka yasar ta sayar. A watan Afrilu aka karɓe shi, aka ɗaga masa tutar Antigwa.

Da farko abin ya yi kama da tsuntsu daga sama gasasshe. A watan Yuni na 2023 aka yi gwanjo, Eric Schmidt, tsohon shugaban kamfanin Google, ya yi tayi mafi tsoka na dala miliyan 67.6. Amma kafin a biya kuɗi sai 'yar attajirin nan, Yulia Guryeva-Motlokhov, ta shigar da ƙara tana cewa jirgin nata ne, gwamnati ba ta da ikon sayar da shi. Mai saye ya ga ba zai sami takardun mallaka masu tsabta ba, sai ya janye. Wannan shi ne darasin farko ga duk mai son sayen jirgi a irin wannan hali: kome arhar kaya, idan akwai mai cewa nasa ne, ba a gama ciniki ba.

Jirgi ya ci gaba da zama, yana kuma ci gaba da ci. An ba da rahoton cewa gwamnatin Antigwa tana kashe wajen dala 28,000 kowane mako a kansa, watau kusan dala miliyan ɗaya da rabi a shekara, daga aljihun talakawan da ba su taɓa taka benensa ba. Sai a watan Yuli na 2024 aka samu aka sayar da shi dala miliyan 40, ƙasa da tayin farko da dala miliyan 27.6. Ko a nan ma ƙura ba ta lafa ba. 'Yan hamayya suka matsa a bayyana sunan wanda ya saya da yadda aka kashe kuɗin. A 2025 lauyoyin matar nan suka garzaya wata kotu a Amurka suna neman a buɗe bayanan banki domin a bi sawun kuɗin, shi kuwa Firayim Minista Gaston Browne ya musanta cewa an yi ba daidai ba, ya ce basussukan ƙasa aka biya. Jirgin da baƙo ya yasar ya zama abin da ya raba kan 'yan ƙasa.

FIJI TA YI SAURIN SAUKE KAYA

Tsibiran Fiji da ke tekun Fasifik sun gamu da irin wannan a shekarar 2022, amma suka ɓullo wa abin ta wata hanya. A watan Afrilu wani jirgi mai suna Amadea, mai tsawon mita 106, ɗauke da tutar Kayman, wanda aka ƙiyasta darajarsa ta kai dala miliyan 300, ya shiga tashar Lautoka. Amurka ta ce na wani attajirin Rasha ne mai suna Suleiman Kerimov wanda ke ƙarƙashin takunkumi, ta nemi a tsare shi. Wani Barashe dabam ya fito ya ce shi ne mai shi. A watan Yuni Kotun Ƙoli ta Fiji ta yanke hukunci a bar Amurka ta tafi da shi, kuma cikin dalilan da ta bayar har da cewa zamansa yana jawo wa ƙasar hasara mai yawa.

Hukuncin ya yi daidai da abin da ya biyo baya. Gwamnatin Amurka da kanta ta shaida wa kotu cewa kula da jirgin yana cin wajen dala 600,000 a wata, kuma sai a 2025 aka kai ga yin gwanjonsa. Nauyin da ya sa Amurka ƙorafi, ina ga ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba?

Kada mai karatu ya ɗauka cewa tsibirai ba sa cin moriyar waɗannan jirage. Antigwa tana gudanar da gasar tseren jiragen iska ta mako guda tun 1968, kuma tsohuwar tashar Nelson ta shiga jerin wuraren tarihi na hukumar UNESCO a 2016. Duk lokacin da jirage suka taru, kafinta da mai fenti da mai walda da mai tasi da mai sayar da kayan lambu suna samu. Wannan halal ne, kuma sana'a ce mai kyau. Bambancin yana tsakanin ƙasar da ke sayar wa jirgi aikin hannun mutanenta, da ƙasar da ke sayar da tutarta ba tare da ta tambayi asalin kuɗin ba.

NAMU NA GIDA

Yanzu mu komo kan Galactica Star. Kamfanin Heesen na ƙasar Holan ne ya ƙera shi a 2013, tsawonsa mita 65. A watan Yuli na 2017 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta shigar da ƙara tana neman a ƙwace dukiyar da ta kai dala miliyan 144, ciki har da wannan jirgi da ta ce darajarsa dala miliyan 80 ce, da wani gida na dala miliyan 50 a birnin Niyok. Ƙarar ta yi zargin cewa tsakanin 2011 da 2015 wasu 'yan kasuwa biyu, Kolawole Aluko da Olajide Omokore, sun ba da toshiya ga Ministar Man Fetur ta lokacin, Diezani Alison-Madueke, aka ba kamfanoninsu kwangila da wani reshe na kamfanin mai na ƙasa, suka ɗebi ɗanyen man da ya haura dala biliyan 1.5. Ita tsohuwar ministar ta sha musanta cewa ta karɓi rashawa. Ya kamata a lura cewa wannan ƙara a kan dukiya aka shigar da ita, ba a kan mutanen ba.

Jirgin bai kasance da sunan mutum ba. Yana ƙarƙashin wani kamfani ne mai rajista a tsibiran Bajin, kamar dai yadda aka bayyana a sama. Wani abin lura a cikin takardun ƙarar shi ne wata hira da aka naɗa, inda aka ce ministar ta gargaɗi Aluko cewa mai son jirgin shaƙatawa haya ya kamata ya yi ta mako biyu, bai kamata ya zuba kuɗi ya saya ba a lokacin da idon duniya yake kan harkar man Nijeriya. Daga baya aka sayar da jirgin bisa umurnin kotu a kan kuɗin da bai ko kusanci na sayensa ba.

A watan Maris na 2023 Amurka ta ba da sanarwar kammala shari'ar da samun dala miliyan 53 da ɗoriya. Mai karatu ya kwatanta da kansa: an fara da maganar man dala biliyan 1.5, aka nemi dukiyar dala miliyan 144, abin da ya dawo gida bayan fiye da shekara bakwai bai kai dala miliyan 53 ba. Saura ya tafi wajen faɗuwar daraja da bankunan da ke bin bashi da ɗawainiyar shari'a. Kuɗin jama'a idan ya shiga teku, ko an kamo shi, ba ya dawowa yadda ya tafi. Bisa yarjejeniyar 2025, dala miliyan 50 za su bi ta Bankin Duniya domin aikin kai wutar lantarki karkara, sauran dala miliyan 2.88 kuma za a ba wata cibiyar horar da ma'aikatan shari'a kan yaƙi da ta'addanci.

Akwai kuma labari na biyu wanda ya shafi ɗalibai kai tsaye, ko da yake shi ba zargin sata a cikinsa. A ƙarshen 2023 Gwamnatin Tarayya ta kai wa Majalisar Tarayya ƙarin kasafin kuɗi na Naira tiriliyan 2.17. A cikinsa, ƙarƙashin rundunar sojan ruwa, aka ga wajen Naira biliyan 5 na jirgin shaƙatawar shugaban ƙasa, alhali abin da aka ware wa shirin ba ɗalibai rance Naira biliyan 5.5 ne. Jama'a suka yi ca. Fadar shugaban ƙasa ta ce jirgin aiki ne na sojan ruwa, kuma tun zamanin gwamnatin da ta gabata aka nemi a saye shi. Duk da haka Majalisar Wakilai ta cire kuɗin, ta ƙara a kan na ɗalibai ya zama Naira biliyan 10.

A wannan lokaci mafi ƙarancin albashi Naira 30,000 ne a wata. Wanda ya iya lissafi zai ga cewa Naira biliyan 5 albashin shekara guda ne cur na ƙananan ma'aikata kusan 13,900. Wannan kuwa kuɗin saye ne kawai, ba a zo kan na barga ba. Ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina da ya nemi rancen karatu bayan an buɗe shirin a 2024, ya sani cewa an taɓa ɗora bukatarsa da jirgin ruwa a kan sikeli ɗaya, kuma maganar da jama'a suka yi ce ta sa sikelin ya rinjaya wajensa.

ABIN LURA GA MA'AIKACI DA ƊALIBI

Ba wanda zai kawo takardar sayen jirgin shaƙatawa teburin wani jami'i a Katsina. Amma ƙannen jirgin suna zuwa kullum: motocin alfarma, da manyan injunan ba da wuta, da na'urorin asibiti masu tsada, da gine-ginen da ba a tanadi kuɗin kula da su ba. Tambayar da Antigwa ta koya da tsada ita ce ta kamata kowane jami'i ya rubuta a gefen fayil kafin ya sa hannu: bayan an saya, nawa zai ci a shekara, kuma daga wane asusu za a biya? Wanda ya zaga harabar ma'aikatu ya ga motocin da suka zauna a kan duwatsu ya san wannan tambaya ba a cika yin ta ba.

Abu na biyu shi ne sanin mai kaya. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta bayyana mutanen da suke da iko na haƙiƙa a kan kowane kamfani, kuma a 2023 Hukumar Rajistar Kamfanoni ta buɗe kundin sunayensu ga jama'a. Jami'in da ke tantance 'yan kwangila yana da damar ya duba, ya san ko wa ke bayan labule. Haka kuma takardar bayyana kadara da tsarin mulki ya ɗora wa ma'aikacin gwamnati ya cika wa Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, ba ta ware dukiyar da ke ƙasar waje ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagewar kuwa a ofis take farawa, tun kafin kuɗi ya kai bakin ruwa.

Abu na uku ya rataya a wuyan ɗalibai da ƙungiyoyinsu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon ya rubuta wa hukumar tarayya ya nemi bayani. Dala miliyan 50 ɗin nan da aka ce na wutar karkara ne, haƙƙin kowa ne ya tambayi Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara ƙauyuka nawa suka amfana, kuma nawa ne daga cikinsu suke Jihar Katsina. Rikicin Antigwa bai tsaya kan jirgi ba, ya koma kan inda kuɗin jirgi ya shiga. Dukiyar da aka ƙwato idan ba a sa mata ido ba, tana iya ɓata karo na biyu, kuma ɓatan biyu ya fi na farko ciwo.

Mutanen Antigwa da na Fiji suna zaune a tsakiyar ruwa, mu muna zaune a bakin hamada, amma lissafinmu ɗaya ne. Su an bar musu dokin wani a turkensu suna ciyarwa, mu kuwa da dawarmu aka sayi dokin. Allah Ya ba shugabanninmu da ma'aikatanmu ikon riƙe amana, Ya kuma ba talakawa basirar tambayar haƙƙinsu, amin.